Ƙarambau da Ban Yi Ba Ina Yarinya

A shekarata ta biyu a New York na samu aiki a wani asibiti a Bronx, a hawa na shida, inda ake kwantar da tsofaffi. Ni ba nas ba ce, mataimakiyar nas ce. Aikina wanka, canza zanin gado, auna zafin jiki, juya wanda ya daɗe kwance a gefe ɗaya, da ba da abinci a baki ga wanda hannunsa ke rawa. Daga Kano na biyo mijina, shi kuma yana aiki a wajen sauke kaya kusa da filin jirgi, can unguwar Jamaica. Muna zaune a Highbridge, a hawa na biyar na wani tsohon gini da ke kan tudu.

Kafin a bar mutum ya taɓa majinyaci sai ya bi ta ofishin lafiyar ma'aikata. Wata dattijuwar nas 'yar Filifin ce ke zaune a wurin, tabarau rataye a wuyanta. Ta ɗauko takarda tana karanto mini sunayen cututtuka, ina cewa na yi ko ban yi ba. Da ta kai kan wani suna da ban gane ba, sai ta juyo mini hoton wani yaro da ƙuraje masu ruwa a fuska da ƙirji.

Na ce, ai wannan ƙarambau ne, kowa ya yi shi a garinmu.

Ta ce ba kowa ta tambaye ni ba, ni ta tambaya.

Na fita baranda na kira Ummata a Kano. Tana ɗauka, bayan gaisuwa, na ce, "Umma, na yi ƙarambau ina ƙarama?"

Ta ce, "Kin yi mana. Har idanunki suka yi ja, kika kwana uku ba kya cin komai sai kunu."

Na koma na gaya wa matar cewa mahaifiyata ta ce na yi. Ta yi murmushi, ta ce tana girmama iyaye mata, amma duk da haka za ta ɗebi jini. Ta ce ta ga mutane da yawa da suka taso a ƙasashe masu zafi sun girma ba su taɓa yi ba, kuma ita ma a ƙasarsu haka abin yake. Na miƙa hannu raina a ɗan ɓace.

Bayan kwana huɗu ta kira ni. Jinina ya nuna ba ni da garkuwar ƙarambau ko kaɗan. Da na sake kiran Umma, sai ta ce, "Af, to ƙyanda ce kika yi. Yayarki ce ta yi ƙarambau, lokacin ke kina ƙauye wajen kakarki." Ta ƙara da cewa 'ya'ya takwas ta haifa, kada in ga laifinta.

Maganin abin mai sauƙi ne, allurar rigakafi sau biyu. Sai dai a makon nan ne ni da maigida muka gane ina da ciki, cikin da muka yi shekara huɗu muna roƙon Allah. Da na gaya wa dattijuwar nas, ta ajiye biro ta taya ni murna, sannan ta ce wannan allura ba a yi wa mai ciki, sai na haihu. Ta rubuta a fayil ɗina, ta kuma sanar da shugabar ɓangarenmu: kada a tura ni ɗakin da ke da mai ƙarambau, ko mai irin ƙurajen nan da ke fito wa tsofaffi a gefe ɗaya na jiki. Ta ce ƙwayar cutar ɗaya ce. Na ce to, na kama aikina. A raina na ce ina tsofaffi, ina ciwon yara.

A ɓangaren akwai wata mata da ta girme ni da kusan shekara ashirin, 'yar zangon Kumasi, ta daɗe tana aikin. Anti nake ce mata. Ita ta koya mini yadda ake ɗaga mutum mai nauyi ba tare da na karya bayana ba, ita ta nuna mini ɗan lungun da ke bayan ɗakin ajiye zannuwa inda take sallar azahar. Hausarta irin ta Gana ce, ba ta raba mace da namiji. Idan za ta ce na zo, sai ta ce, "Yarinya ya zo." Da farko nakan danne dariya, daga baya kunnena ya saba.

Cikina na wata huɗu da 'yan kwanaki aka kwantar da wani tsoho ɗan Maraɗi. Dogo ne, ya rame, gemunsa fari fat. Shekaru masu yawa ya yi yana sayar da huluna da turare da tazbaha a bakin Titi na 125 a Harlem. Ana yi masa maganin ciwon daji, maganin kuma ya raunana masa jiki. Turancinsa na ciniki ne, ya iya faɗin kuɗin kaya da gode wa mai saye, amma bai iya gaya wa likita inda ke masa ciwo ba. Akwai wayar da ake kira a samu tafinta, sai dai shi ba ya son magana da muryar da bai ga mai ita ba. Iyalinsa duk suna gida. A nan ɗan ƙanensa kawai yake da shi, mai tuƙa tasi, wanda ke leƙowa da yamma idan ya samu sarari.

Ranar da na fara shiga ɗakinsa na yi sallama, na ce, "Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

Ya juyo a hankali yana kallona, ya ce, "Ɗiyata, daga ina?"

Na ce Kano.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau na samu kunne."

Daga ranar ya zama nawa. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci, ni ke tsayawa idan likitoci sun zo zagaye. Ya lura da cikina tun kafin wasu abokan aikina su lura. Bai taɓa ambatonsa kai tsaye ba, sai dai idan na sunkuya zan ɗauko wani abu ya ce, "Bari, ki kira wani," ko kuma in zan fita ya ce, "Allah ya raba lahiya."

A mako na biyu ya fara kukan ciwo a haƙarƙarinsa na dama. Ya ce kamar ana goga masa garwashi. Na duba fatar ban ga komai ba, nas ta duba, likita ya duba. Aka ba shi maganin rage raɗaɗi. Bayan kwana biyu, wata safiyar Talata, na cire masa riga zan masa wanka, sai na ga wasu 'yan ƙuraje sun jeru daga bayansa zuwa ƙirji, wasu sun ɗuri ruwa. Akwai wasu kuma warwatse a cikinsa da kafaɗarsa ta hagu. Da safar hannu a hannuna, amma babu takunkumi a fuskata. Na ɗauka zafin katifa ne. Na wanke shi a hankali, na goge, na kakkaɓe zanin gadon na canza, na zauna na ba shi shayi. Na fi minti arba'in a ɗakin. Sai da na gama na gaya wa nas.

Tana ɗaga rigarsa ta dube ni, ta ce in fita yanzu.

Kafin azahar an mayar da shi wani ɗaki mai ƙofa biyu, wanda iskar cikinsa ba ta fitowa baranda. Aka manna takarda a ƙofar. Likita ya ce da ƙurajen sun tsaya a wuri ɗaya, rufe su kawai za a yi, amma tunda jikinsa ba ƙarfi sun bazu, kuma idan sun bazu haka cutar tana bin iska kamar ƙarambau na yara. Ba mai shiga sai wanda aka tabbatar yana da garkuwa. Aka rubuta sunan duk wanda ya shiga ɗakin a kwanakin, aka duba fayil ɗin kowa. Mu goma sha wani abu ne. Ni kaɗai ce ba ni da garkuwar.

Na sauka ofishin lafiyar ma'aikata. Dattijuwar nas ta jawo kujera kusa da ni maimakon ta zauna bayan tebur. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ƙarambau a jikin babba ya fi tsanani, a jikin mai ciki kuma yakan iya sauka huhu, wani lokaci ya taɓa abin da ke cikin, ko da yake ba kasafai ba. Ta ce akwai wata allura daban da ta rigakafi, garkuwa ce da aka tato daga jinin mutanen da ke da ita, za a ara wa jikina. Ba ta ce za ta hana ciwon tabbas ba, ta ce idan ma ya zo zai zo da sauƙi. Aka yi mini a ranar, likitan da ke duba cikina ma aka sanar da shi.

Sai ta ɗauko kalanda ta zana mini. Mako ɗaya na farko zan iya zuwa aiki, don ko na ɗauka ba zan shafa wa kowa ba tukuna. Daga kwana na takwas zan zauna a gida har kwana na ashirin da takwas. Ta ce mutum na fara yaɗa cutar kafin ƙurajen su fito masa, kuma hawa na shida cike yake da mutanen da jikinsu ba zai iya ɗauka ba. Kullum in auna zafin jikina, in duba fatata.

Na ce, "Laifina ne. Kin gaya mini."

Ta ce ta gaya mini kada in shiga ɗakin da aka san akwai ciwon. Ni kuwa ni na gano shi.

Da na koma sama na tarar Anti ta riga ta je wajen shugabarmu ta ce a ba ta tsohon. Ta yi ƙarambau a Kumasi tana shekara tara, akwai tabo a gefen hancinta, kuma jininta ya tabbatar tun lokacin da aka ɗauke ta aiki. Ta kama hannuna ta ja ni lungun sallarmu. Nan na yi kukan da na riƙe tun safe. Ba ta ce in yi shiru ba. Da na lafa ta ce, "Ka wanke fuska. Ka ci abinci? Wannan yaro na ciki bai san komai ba, abinci yake jira." Ta buɗe kwanonta na wake da shinkafa ta sa ni a gaba sai da na ci rabi.

Maigida ya dawo da magariba na gaya masa. Ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Ya tambaye ni sau biyu abin da likita ya ce, na maimaita. Shi ya yi ƙarambau yana firamare, yana tuna yadda aka shafe shi da farin magani har ƙannensa na gudunsa. Ya ce, "To, kwana ashirin da takwas ne. Za mu ƙirga." Umma kuwa ban gaya mata ba sai daga baya, don na san kanta za ta ɗora wa laifi.

A makon da ya rage mini, ina wucewa ta ƙofar tsohon sau da yawa a rana. Akwai ɗan gilashi a jikin ƙofar ciki, idan na tsaya daidai ina hango shi. Rana ta farko ya ɗago mini hannu, ya yi alama in shigo. Na girgiza kai, na dafa ƙirjina. Ya sake yafito ni. Na sake girgiza kai. Sai ya sauke hannun ya juya fuska bango.

Anti ta fito tana cire rigar leda da takunkumi, ta ce, "Tsohon nan yana tambaya me ya yi maka. Na ce bai yi komai ba. Ya ce Hausata ba ta shiga kunnensa."

Na ce ta gaya masa an canza mini ɗakuna ne kawai. Ban so ya san gaskiya ba. Amma ɗan ƙanensa ya zo da yamma, nas ta tambaye shi ko ya taɓa yin ciwon kafin a bar shi ya shiga, ta kuma yi masa bayanin dalili. Ya ji a baranda cewa akwai wata ma'aikaciya mai ciki da za a tura gida. Shi ya kai wa tsohon labarin.

Kwana na takwas na fara zaman gida. Ban taɓa sanin ɗakinmu ƙarami ba ne sai lokacin. Daga taga ina kallon mutane na hawa doguwar matattakalar dutsen nan da ke haɗa titinmu da na ƙasa, mata da keken jarirai suna tsayawa suna hutawa a tsakiya. Kowace safiya bayan sallar asuba, kafin ya fita ya kama jirgin ƙasa, maigida zai kunna fitila ya duba mini bayana da ƙeyata da bayan kunnuwa, inda idona ba ya kai. Ya duba a hankali, sannan ya ce, "Babu." Sai ya ja layi a kalandar da ke jikin firji. Maƙwabciyarmu 'yar Zinder ta haihu a kwanakin, ƙofarta na kallon tamu. Ban je barka ba, ban je suna ba. Ina jin hayaniyar mata da ƙamshin suya ta ƙarƙashin ƙofa. Ta aiko aka ajiye mini nama a bakin ƙofa aka ƙwanƙwasa aka tafi.

Kwanana uku a gida Anti ta kira ni da rana. Ta ce tsohon ya daina cin abinci. Jiya cokali biyu, yau ko ɗaya. Ana ba shi maganin ƙurajen ta jijiya, suna kuma lafawa, amma likitoci sun damu da rashin cin. Ta ce ta nemi izini, za ta kira ni da wayar ɗakinsa ta kara masa a kunne.

Na ji numfashinsa kafin in ji muryarsa. Na gaishe shi. Can ya ce, "Ɗiyata, an ce ni na cuce ki."

Na ce, "Baba, wa ya faɗa? Lafiyata ƙalau. Ga ni zaune ina cin tuwo."

"Kin wanke ni kamar ubanki. Ni kuwa abin da na saka miki ke nan. Ke da abin da ke jikinki."

Na ce masa ba shi ya kira ciwon ba. Na yi masa bayani yadda aka yi mini: duk wanda ya yi ƙarambau, ƙwayar ba ta barin jikinsa, kwanciya take yi ta yi barci shekara da shekaru, sai jiki ya yi rauni ta farka. Na ce, "Abin nan tun kana yaro yake tare da kai, Baba. Daga Maraɗi ka taho da shi ba ka sani ba."

Sai ya ce, "Na tuna. Da damina ne. Ban kai kaciya ba."

Ya fara ba ni labari, muryarsa na ɗan buɗewa. Su uku suka kwanta a ɗaki ɗaya, shi da ƙannensa mata biyu. Mahaifiyarsa ta jiƙa farar ƙasa tana shafa musu da gashin kaza don kada su sosa. Ta ɗaure masa hannuwa da tsumma saboda shi ya fi kowa susa. Idan ya yi kuka sai ta hura masa iska a baya da bakinta, tana tafiya daga kafaɗa zuwa kugu. Ya ce ya fi shekara hamsin bai tuna wannan ba. Ya ce ta rasu yana nan Harlem, takardunsa ba su cika ba lokacin, bai samu zuwa ba.

Na ce Allah ya jiƙanta. Ya ce amin.

Sannan na ce, "Baba, ina da roƙo. Likita ya ce in kwantar da hankalina. To hankalina ba zai kwanta ba in ana ce mini ba ka ci."

Ya ce, "Wagga mata ta Gana ba ta iya ba da abinci ba. Cokali take cikawa kamar mai ɗura wa rago."

Na ji muryar Anti daga nesa tana cewa, "Ka ji shi ko? Ka gaya mata ya buɗe baki!"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Ya ce, "Kin ji? Ni ta mai da mace, ke ta mai da namiji. Kwana goma ina fama."

Ranar ya sha rabin kofin kunun alkama. Daga nan kullum da ƙarfe goma sha biyu da rabi wayata za ta yi ƙara. In gaishe shi, ya tambaye ni, "An duba?" in ce an duba, babu. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ci. Wani lokaci Anti ta bar wayar a kan matashi ina jin ƙarar cokali da faɗansu. Ta fara dafo masa kunun gero daga gida bayan ta tambayi mai kula da abincin marasa lafiya. Ya ce ya yi tsami, amma ya shanye.

A kwana na goma sha shida maigida ya daɗe yana duba bayana. Na ce mene ne. Ya ce akwai wani ɗan ja a ƙarƙashin kafaɗata. Ya ɗauki hoto ya nuna mini. Ƙurji ɗaya ne, ƙarami. Nan take na ji jikina duk yana ƙaiƙayi. Na auna zafin jiki, daidai yake. Na sake aunawa. Bai je aiki ba ranar. Muka kira asibiti, suka ce kada in shigo ta babbar ƙofa, kada in zauna cikin masu jiran awo, in sa takunkumi, za a tare ni a ƙofar gefe. Wata likita ta duba da fitila, ta taɓa, ta duba sauran jikina, ta ce ba ta ga alamar shi ba ne, amma in sa ido kwana biyu. Ta ɗora na'ura a cikina ta bar ni na ji bugun zuciyar, da sauri da sauri. Maigida ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa na motsi.

Da wayar rana ta shigo na yi niyyar ɓoyewa. Tsohon ya ce, "An duba?" Na ɗan yi jinkiri, jinkirin ya isa.

Ya ce, "Hwaɗa mani gaskiya."

Na faɗa masa. Na ce guda ɗaya ne, likita ta ce da wuya shi ne.

Ya ce in ɗora hannuna na dama a wurin. Na ce hannuna ba ya kaiwa. Ya ce to maigidan ya ɗora. Maigida ya ɗora tafinsa a bayana, na sa wayar a fili, tsohon ya yi ta addu'a da muryar da ke yankewa, muna cewa amin. Da ya gama ya ce wa mijina, wanda bai taɓa gani ba, "Malam, ka yi haƙuri da ni." Maigida ya ce, "Haba Baba, mu ne da godiya." Anti ta gaya mini ranar ma ya ci, ba a roƙe shi ba.

Ƙurjin bai ƙaru ba, bai ɗuri ruwa ba. Kwana biyu ya baje. Sauran kwanakin suka wuce a hankali, ina ɗinke 'yan rigunan jarirai da hannu don ba ni da keken ɗinki, ina kallon matattakalar dutsen nan. Ranar da maigida ya ja layi na ƙarshe, ya sauka kanti ya sayo mini mangwaro huɗu da ba su da daɗi ko kaɗan, muka zauna muka shanye.

Da na koma aiki an cire takardar ƙofarsa. Ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo sun zube, sun bar masa tabo baƙi-baƙi da ciwon da ke tashi lokaci-lokaci. An dawo da shi ɗaki na kowa, ana shirin mayar da shi gidan jinya ya ƙara ƙarfi. Na yi sallama na shiga. Ya ɗaga hannu da sauri ya ce in tsaya can.

Na ce, "Baba, ya wuce. Likita ya ce ba ka shafa wa kowa yanzu."

Ya ce, "Lokotoro ya ce, amma ni ban ce ba. Tsaya daga nan in gan ki."

Na tsaya a ƙarshen gado. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce na yi ƙiba, zaman gida ya karɓe ni. Kwana biyun da ya ƙara yi a wurinmu bai bari na taɓa shi ba. Anti ce ke masa wanka, ni in tsaya daga ƙofa ina fassara faɗan da ba ya bukatar fassara. Ranar da za a tafi da shi ne kawai ya yarda na tura kujerarsa zuwa lif, shi ma don ina bayansa ne.

Ban sake ganinsa ba. Bayan wata biyu ɗan ƙanensa ya tare Anti a masallacin Juma'a ya ce mata likitoci sun ce maganin ya kai iyakarsa, tsohon kuma ya ce a kai shi gida. An kai shi Maraɗi, ya sauka lafiya, yana cikin 'ya'yansa da jikoki. Ya yi kusan wata uku a can kafin ya rasu. Labarin haihuwata ya riske shi da rai, ɗan ƙanen ne ya kai masa ta waya.

Mace na haifa, lafiyayya, da gashi cike da kai. Kafin a sallame ni daga ɗakin haihuwa aka yi mini allurar rigakafin farko, aka ce ba ta hana shayarwa. Ta biyu kuma bayan mako shida, a ofishin lafiyar ma'aikata. Ranar hutun Anti ce, ta ce za ta raka ni. Ana yayyafi, muka hau bas, ita ta goya jaririyar a gaba cikin mayafinta, ni na riƙe lema da jaka. Dattijuwar nas ta bar allurar a tire ta karɓi yarinyar tukuna, ta yi ta mata wasa da yarensu. Sai da Anti ta ce mata muna da wajen zuwa sannan ta miƙo ta, ta naɗe mini hannun riga.

Da muka fito ruwan ya ƙaru. Anti ta ce ba za mu tsaya jiran bas da jaririya a wannan sanyi ba, gidanta ya fi kusa. Ta dafa mana tuwon masara da miyar kuɓewa, ta shimfiɗa mini bargo a doguwar kujera. Hannuna ya ɗan yi tsami inda aka yi allurar. Na yi barci har la'asar, ita kuma tana zagaya falo da yarinyar a kafaɗa.